Turbar Bakin Kanal, Jiratawa

Ruwa dai ya san hanyarsa.
An shimfiɗa masa siminti tun ba a haife ni ba,
yana tafe a miƙe, ba ya tuntuɓe.
Tsahiru ne ba shi da hanya.

Kekensa mai ƙafa uku, da hannu ake murzawa,
kullum nan yake cijewa,
inda ƴar magudana ta yanke turba.
Taku ɗaya ne, ga mai taku.
Sai ya sauko, ya sa silifa a tafin hannu,
ya ja jiki har cikin zogalensa.

Shekara goma sha ɗaya ina tsallake ramin nan
da buhun taki a ka,
ina ce masa sannu da ƙoƙari.
Ban taɓa ganin ramin ba.

Harira ce ta gan shi, ita da ba ta gani.
Ta ƙwanƙwasa bakin kanal da sanda, ta ce:
ku masu ido, ajiyarsa kuke yi?

Ran Lahadi muka yi gayya,
ba kuɗi, ba makaɗi, sai tulun ruwa da ƙosan Baraka.
Ila maƙeri ya kawo ƙyauren tsohuwar mota,
Ɗan Jimma ya aro amalanke,
jakin bai so ba, amma ya yi sawu bakwai na burji.
Muka zuba, muka daɓe,
muka ja da baya muna yaba kanmu.

Tsahiru ya hau.
Keken ya yi baya da shi,
saura ƙiris ya yi wankan da bai shirya ba.
Ya yi dariya har da tari:
akuya kuka gina wa.

Muka rushe.
Wannan karon shi ya riƙe igiyar awo,
yana cewa rage nan, kwantar da can,
mu masu ƙafa muna bin umarni.
Harira ta sa aka jera duwatsu ta gefen ruwa
don sandarta ta riƙa jin iyaka.

La'asar sakaliya ya haye,
bai ko waiwayo ba, ban ruwa na jiransa.

Saura ramuka biyar kafin famfo na biyu.
Hannuna duk kanta.
Da safe na ga sawu uku a jan burji,
da na wata mai ciki da ta fasa zagaye,
da na jakin nan, wanda ba a gayyata ba.