Biyar Daga Sittin da Tara

Jikata Barira ta ce, "Kaka, zaɓi biyar.
Biyar kacal, daga shekara guda,
in zuba maka a waya, ka huta da goge ƙura."
Sai ka ce mai tsince tumatir a Kejetia.

Na jawo adaka daga ƙarƙashin gado.
Warin kafur ya taso, kyankyaso ɗaya ya tsere.
Na ce sittin da tara.
Ban ko yi shawara da zuciyata ba.

Na fari, matar nan ta Amurka,
mai murya kamar ruwan Yuni
a kan rufin kwanon Asawase.
Har yau rabin Turancinta wuce ni yake,
amma duk wanda aka taɓa saɓa wa alkawari
ba ya neman tafinta.
Ran bikina da Azumi sau bakwai muka juya shi,
batir ya mutu, muka ƙarasa da tafi.

Na biyu na Kwabena ne, makanike a Suame.
Jita mai ihu kamar zarto ya kama ƙarfe,
mai ganga kuwa kamar ana binsa bashi.
Na ce masa wannan ba kiɗa ba ne, rigima ce.
Ya ce, "Jira dai ta kai tsakiya."
Ta kai tsakiya, tsikar jikina ta tashi,
na ɓoye hannuna cikin riga.
Har muka kai shi makwanci ban ba shi gaskiya ba.
Rubuta, Barira. Kada ki faɗa wa 'ya'yansa.

Na uku mutum ɗaya ne da jitarsa,
ba ganga, ba 'yan amshi,
murya kamar mai mura.
Shi nake sawa in ɗinki ya kai ni dare,
keke na tafiya, shi ma yana tafiya,
ba mai tambayar wani inda za shi.

Na huɗu yana da tabo.
Uwarki ce ta ja shi a siminti tana rarrafe.
In allura ta zo wurin sai ta yi tuntuɓe,
kalma ɗaya, kalma ɗaya, kalma ɗaya,
sai na sa yatsa na tura ta gaba.
Barira ta samo shi a waya, sumul, ba tabo.
Na saurara har ƙarshe.
Na ce wannan ba nawa ba ne,
nawa yana jira na a tsakiyar hanya.

"Saura ɗaya, Kaka."

Saura ɗaya.
Yana can ƙasa, cikin rigarsa ta takarda,
allura ba ta taɓa hawansa ba.
Isaka ya saye shi ran Jumma'a a Adum,
kafin wata Jumma'ar aka ce baƙi su tattara.
Isaka da aka binne cibiyarsa a Aboabo,
wanda bai san Sakkwato ba sai a bakin tsohonsa.
Ba takarda, ba zama.
Motoci sun yi layi, tabarmi kan tukwane,
akuya na kuka a saman kaya.
Ya miƙo min ta tsakanin katakon mota:
"Riƙe min. Kar ka ji shi sai na dawo,
na san halinka da santi."

Wasiƙa biyu ta zo. Ta uku ba ta zo ba.

Barira ta karanta sunan da ke jikin takardar,
yatsanta har ya fara tafiya a kan gilashi.
"Minti ɗaya in samo maka."
Na kama hannunta.

Ta ce, "To yaya za ka zaɓi abin da ba ka ji ba?"
Na ce rubuta shi na ɗaya,
sauran su matsa ƙasa.

An kira la'asar a masallacin bayan gida.
Ta tashi ɗebo min ruwa a buta,
ni kuwa na goge takardar da bakin riga,
na mai da shi ƙasa,
na ɗora huɗun a kai.