Lamba Ɗaya, Numfashi Biyu

Wata goma sha tara ina zuba adashi
wajen Hajiya Barikisu mai koko,
sidi talatin kowace yamma, da baƙin mai a farcena.
Yau na kwasa. Na ɗaure a aljihun ciki,
na hau trotro daga Aboabo zuwa Adum,
hannu a ƙirji kamar mai ciwon zuciya.

Shagon Akwasi yana hawa na biyu.
Ya shimfiɗa min kwamfuta biyu a kan gilashi,
baƙaƙe wul, jar wuta na leƙe ta ƙarƙashin madannai.
Kowacce da koren tambari a kusurwa:
4060. Waccan ma 4060.
Giga takwas nan, giga takwas can.
Ya ce da Tonanci, duk ɗaya ne,
sai dai mai kaurin ta ɗara da sidi dubu biyu.
Na ce, in ɗaya ne, me ya raba kuɗinsu?
Ya yi dariya, ya juya fanka ta dube shi.

Na buga wa Mutawakilu,
wanda ya ƙona kwamfuta uku kafin ya yi hankali.
Ya ce, bar suna, suna linzami ne kawai,
tambayi abin da ake ciyar da katin.
Ɗaga caja ka ji nauyi,
ka shiga ciki ka karanta wat.
Na karanta.
Mai kaurin tana ba nata ɗari da arba'in.
Siririyar saba'in da biyar, ta ce ya yi haƙuri.

Ashe sana'ata ce ta biyo ni.
Sau nawa aka kawo min babur biyu, kamfani ɗaya,
wannan ya haye tudu yana waƙa,
wancan yana tari don an shaƙe masa wuya?

Na ce a kunna wasan tsere.
A mai kaurin hanya ta malalo kamar ruwan kwata bayan hadari,
kwana ba gargada, ƙura ma ana ƙirga ta.
Minti huɗu, sai cikinta ya tashi:
injin niƙan Maame Adwoa ranar jajibere,
iska mai zafi tana lasar bayan hannuna.
Siririyar kuwa, in hayaƙi ya cika allo
takan yi tuntuɓe, ƙiftawar ido,
ta miƙe ta ci gaba,
tana huci ƙasa-ƙasa kamar mage a kan buhu.

Akwasi ya ga idona ya koma kan mai kauri,
ya fara neman leda.
Na ce dakata. Kashe rediyo. Kashe fankarka ma.
Na kara kunne jikin kowacce
yadda nake yi wa inji kafin in faɗi farashi.

Ɗakinmu ɗaya ne.
Katifa, akwati, risho a bayan ƙofa,
Sakina da ke tashi ƙarfe huɗu ta ɗora waken sayarwa,
da Hamdiya, wata biyar,
wadda cokali in ya faɗi sai ta kai ƙara har masallaci.
Ni ba ni da lokacin wasa sai bayan sha biyu.
Abin kunne zai toshe nawa.
Nasu fa?

Siririyar na ɗauka.
Akwasi ya ƙirga sau biyu yana yi min kallon tausayi.
Da ragowar na sayi linzamin kwamfuta, gidan sauro,
da tsire na sidi ashirin.

Mutawakilu har yau cewa yake na yi asara.
Wani daren, in motata ta cije a kwanar ƙarshe
wani yaro daga Nima ya wuce ni,
nakan ce da gaskiyarsa.
Sai in zare abin kunne in saurara.
Sakina ta juya.
Hamdiya ta tsotsi iska sau biyu,
ƙafarta ɗaya a wajen zane.