Bashin Naira Ɗari a Runjin Sambo

Ƙusa ce ta kai ni, ba yunwa ba.
Tayar baya ta sace daidai kwanar masallaci,
mai faci ya ce sai ya aro fetur ya ta da inji.
Na tsaya ina shan ranar Sakkwato
wadda ba ta san babba ba.

Sai ƙamshin daddawa ya tsallako kwata,
ya kama ni a hannun riga.

Zaure ne aka fasa wa taga,
shuɗin fenti ya ƙare bai kai sama ba.
Tebur uku. Na ukun gurgu ne,
an tallafe shi da guntun marmara.
Ba allo, ba suna,
sai buta, da rabin sabulu,
da labule mai hoton agwagwa.

"Zamna," in ji Inna Hajo, ko ɗagowa ba ta yi ba,
tana tsinkar sure a faifai.
Na ce, me ake da shi?
Ta ce, "Abin da hwadama tab ba mu."

Yau fadama ta ba da shinkafar gida mai jan ciki,
an tuƙa ta har ta manta da cewa tsaba ce.
Ta ba da tumatir da bai taɓa hawa babbar mota ba,
da albasa mai laka a gemu.
Kifin kuwa Malam Arzika ne ya ɗauko
daga Kwalkwalawa, a bayan keke,
yana ta harbin bokiti har bakin ƙofa.
Ga shi can yanzu yana gyangyaɗi,
rediyo a ciki, hula a gwiwa.

Jelani ya dire kwano, ya koma fifita wuta.
Man shanu ya kwanta a kan miya
yana kallona da ido ɗaya.

Lomar farko tsami ya mare ni.
Ta biyu tonka ta bi sawu.
A ta uku na cire agogo,
na naɗe hannu,
na daina tuna cewa ina da babur.
Shekara tara ina cin abincin ofis a roba mai murfi,
ashe harshena barci yake, ban sani ba.

Na ce, Inna, mene ne sirrin?
Na zaci za ta ce gadon kaka,
ko wani ƙulli da ba a faɗa.
Ta yi dariya har sure ya zuba:
"Ba mu da hirji, ɗana.
Abin da ba a canye yau ba, awaki ka ci nai."

Luba ce ma'aji.
Littafin lissafi a dama, gwangwanin canji a hagu,
biro a bayan kunne kamar tela.
Ta ce dubu da ɗari biyu.
Na lalube aljihu: dubu da ɗari.
Na ce bari in tura ta waya,
waya ta yi ta juya ƙwallonta, ta ƙi.

"Tahi abinka," in ji Inna daga bakin murhu,
"wanda ya side kwano haka ba ya ɓacewa."
Luba dai ba ta yarda ba.
Ta rubuta a bangon littafi, ƙarƙashin jadawalin tara:
Mai babur, farar riga, ɗari.

Washegari na koma da ɗarin a hannu.
Babu kifi, masunta sun kwana banza,
sai dambu da zogale da aka zage da asuba,
ƙuli-ƙuli yana ƙaras a haƙori.
Na ci, na biya na ranar,
na mayar da ɗarin aljihu.

Luba ta harare ni ta saman littafi.

Yau wata huɗu ke nan.
Tayar nan tuni na sauya ta.
An sa wa teburin ƙafa sabuwa,
marmarar ta koma tokarin ƙofa.
Sunana har yanzu mai babur, farar riga,
kuma ban da niyyar biya.