Faci Goma Sha Ɗaya

Tankari mai gyara, a inuwar dogonyaro, bakin tasha a Tawa,
ya zaro robar ciki daga tayar baya,
ya ɗaga ta sama kamar mahauci da hanji,
ya ce, "Malam, wannan ta ci lokacinta. Jefar."
Na ce dakata, in karanta maka ita.

Damina uku ina bin ƙauyuka a kan wannan baƙin keke,
ina karɓar lissafin ruwan sama
daga hannun masu tsaron ma'auni.
Littafin yana ofis. Hanyar tana nan, a jikin roba.

Ka ga ƙaramin nan mai kamar ƙwayar wake?
Bayan Kalfu ne, inda hanya ta koma jan burji,
tsakuwa na tsalle tana buga ƙarfe, ƙwal, ƙwal,
haƙorana na gaisawa da juna ba shiri.
Ƙayar aduwa ce. Ba ta ko nemi gafara ba.

Biyun nan da suka haɗa kai,
gangaren Tamaske ne, ranar da birki ya yi mini kunnen ƙashi.
Dutse ya sake ni, kwari ya buɗe baki,
iska ta cika mini riga har na zama tulu,
na wuce jaki, na wuce mai jaki,
na wuce sallamar da na yi musu,
sai ga ni kwance cikin gero,
ƙafar keke na juyawa ita kaɗai a sama.
Mai gonar bai tambayi lafiyata ba sai da ya ƙirga karansa.

Hawan kuwa ba ya huda taya, ƙirji yake hudawa.
Kana tura feda, tudu na turo ka,
gumi na ɗiga a kan sarƙa,
har ka kai fako, shimfiɗaɗɗe, baƙin dutse ko'ina,
ka waiga ka ga kwarin Keita a ƙasa, kore shar,
da jerin duwatsun da mata suka ɗora da ka
don ruwa ya tsaya ya gaida ƙasa kafin ya wuce.

Wannan mai faɗin, ba nawa ba ne.
Ƙorama ta kawo, na saɓa keke a kafaɗa,
ruwa ja har gwiwa, yashi na zare ƙasa daga tafina.
A ƙetare sholisho ya ƙare.
Wani makiyayi ya yanki bakin takalminsa,
ya narka ƙaro, ya liƙa, ya tofa, ya danne da dutse.
Har yau bai saki ba. Sunansa ma ban tambaya ba.

Sauran na yau da gobe ne: ƙusa, kwalba, sakaci.

Na ƙarshen ne nake so ka gani.
Garin Nomau, mai ma'auni a bayan rumbu,
wanda bai taɓa tsallake rana ba,
ko da sifili ne sai ya rubuta shi da kyau, zagayayye.
Na iso da la'asar, na tarar da tabarmi a ƙofar gida.
Kwana shida ke nan, aka ce.
'Yarsa Tsahara ta fito da takardar a ninke:
rubutunsa ya tsaya ran Talata,
daga Laraba wani hannu ya ɗauka, ƙanana, a karkace,
sha biyu, sifili, sifili, talatin da ɗaya.
A hanyar komowa taya ta sace.
Na duba, na shafa, ban sami ƙaya ba.
Na zauna a kan burji har rana ta faɗa bayan dutse.

Tankari bai ce komai ba.
Ya ba ta iska, ya nutsa ta cikin kwanon ruwa,
yana juyawa sannu, faci bayan faci,
har kumfa ta taso siririya daga wani sabon wuri.
Ya ɗora yatsa a kai.
Ya ce, "Wannan kuma ina ne?"
Na ce ban sani ba tukuna.
Ya miƙa hannu ya ɗauko almakashi.