Gyauro

Gonar babana ce, kafin gari ya iso ta.
Gari ya taho da bulo, gida bayan gida,
ya ci ta Malam Kiyari, ya ci ta su Ilu,
da ya kawo kan tamu sai meri ta ce a dakata:
wannan a bar ta fili, Zinder ma tana son numfashi.
Suka dasa siminti a kusurwa huɗu,
suka ba tsoho takarda mai hatimi
da kuɗin da ba su kai damina biyu ba.

Ran Asabar mai unguwa ya tara mu
gindin gawon da ke tsakiya,
wanda ba ya ba da inuwa sai da rani.
Ya ce kowa ya faɗi son ransa.

Barira ta riga kowa, da jarka a hannu:
"Famfo.
Tun asuba nake layi a Garin Malam,
ɗan garuwa kullum ƙara dala yake.
A haƙa nan har a tarar da ruwa."
Aka ce ƙasan nan dutse ne, Damagaram ce fa.
Ta ce, "To, dutsen ma a tambaye shi."

Samari sun zo da balo a hammata,
tuni sun auna da taki, sun aje duwatsu bibbiyu.
Gawon ne kawai, in ji su, ya tsaya musu a tsaka
kamar alƙalin wasa marar usur.

Alhaji Ma'azu ya gyara zaman hula:
shaguna goma sha biyu, baki ga hanya,
haya ta shiga asusun unguwa.
Muka yi shiru,
don mun san aljihun da asusun ke kwana.

Liman na son filin Idi,
sau biyu a shekara, sauran kwanaki a bar wa Allah.
Cima ta ce sauran kwanakin tumakinta na so,
harawa ta fi ƙarfin talaka.
Mushe Sanda na lakwal ya buɗe littafi,
ya zana dogon yaro jere, da benci, da fitilar rana
inda 'yan jarrabawa za su yi bita da dare.
Wata yarinya, Zuwera, daga bayan uwarta
ta ce lilo.
Ba wanda ya rubuta.

Sai aka juyo ga tsoho.
Ya daɗe yana murza ƙasa tsakanin yatsu.
"Ni ban san ta da suna fili ba.
Can gabas jigawa ce, gero take so.
Nan kwarin, wake.
Inda motar Alhaji take, nan rumbu yake.
Ku yi yadda kuka gani,
amma kar gatari ya taɓa gawon nan,
shi ya ciyar da ita tun ban san dama da hagu ba."

Kiran azahar ya raba mu.
Sakatare ya juya maganarmu zuwa Faransanci,
ya kai meri,
can take barci har yau cikin kwali.

Ruwan farko ya sauka daren Talata.
Kwana shida, na fito sayen ƙosai,
na ga kore ya tsaga ƙasa wajen gabas.
Gyauro ne,
tsabar da ta zube a girbin ƙarshe,
ba ta ji labarin takarda ba.

Yanzu 'yan balo na kauce masa da ƙafa,
sun matsar da ragarsu taki biyar.
Cima ta gajarta igiya.
Barira in ta wuce da jarka
takan rage tafiya.

Shi kuwa tsoho, bayan sallar asuba,
yakan ɗauki hauya ya ce zai miƙe ƙafa.
Jiya na bi shi na ƙirga:
kara goma sha bakwai,
ɗaya har ya fara ciki.