Bugu Biyu

Ƙarfe biyun dare a Tudun Wada,
janareto na tari a bayan ɗaki.
Ni da Bulus mun rufe ƙofa,
mun sa baƙin tabarau kamar masu walda.

Abin da muke gadi bai kai ƙwayar riɗi ba.
Mun sanyaya shi tun la'asar
har ƙanƙara ta zama garwashi a kusa da shi.

Leza na bugunsa sau biyu.
Na farko tsokana ce,
jifa cikin balbelu a bakin kogi.
Na biyu ya biyo sawu da tambaya:
ina kuka watse, wa ya riƙe hannun wa?
Tsakanin wannan bugu da wancan,
ƙiftawar ido shekaru dubbai ce.

A wayar tagulla, 'ya'yan lantarki
kowa ta kansa yake yi,
kamar motoci a gadar Kawo ranar Litinin.
A nan kuwa lugude suke,
taɓarya dubu a turmi ɗaya,
ba wadda ta ƙwale 'yar'uwarta.
Wa ya koya musu?

Jiya Inna ta ce, Barira, me kike nema?
Na ce amo.
Ta ce to Allah ya sa a ji.

Yanzu layi ya ɗan lanƙwashe a allo.
Zuciyata ta riga hannuna.
Bulus ya kurɓi shayin da ya huce,
ya ce wataƙila tirela ce ta girgiza teburin.

Wataƙila.
Mu sake aunawa.
Asuba da saura.