Dodon Hoto

A ƙasan adakar Kawu Inusa, a Aboabo,
ƙarƙashin rasidan goro da kyankyaso ya ci rabi,
na tarar da ita naɗe cikin tsohuwar hula:
kyamara, baƙa, mai nauyin dutsen guga.
Ƙirgenta ya tsaya a kan tara.

A Adum, saman wani bene mai kukan katako,
tsoho Boakye ne ya rage mai wanki da hannu.
Na kai yatsa zan ɓalle murfin, ya doke min hannu.
"Haske ne ya rubuta, haske ne zai goge,"
in ji shi, da Hausar da ya tsinta a Kejetia.

Ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma.
Duhu ya cika ɗakin har wuya.
Ina jin numfashinsa, ina jin fim yana ƙara
kamar busasshen ganyen dokunu,
shekara arba'in a nannaɗe, ya ƙi miƙewa.
Magani mai warin tsami,
girgiza, jira, a sake girgizawa.
A ƙasa yaron mota na ta kiran Tafo, Tafo,
mu muna nan muna ƙirga minti.

Ya shanya shi a igiya da maƙalin wanki.
A dodon hoto kowa fari ne, haƙora baƙi,
rana kuma tabon gawayi.

Uku sun ƙone, haske ya yi musu sata ta tsaga.
Ɗaya huhunan goro ne a bayan babbar mota,
an rubuta wani abu a goshinta, ba ya karantuwa.
Ɗaya babban yatsa ne kawai.
Ɗaya akuya.
Sauran ukun mace ɗaya ce
a bakin tafki, takalmanta a hannu,
tana dariya, tana kare fuska,
a na ƙarshe ta daina karewa.
Daga gefen ƙafarta inuwa ta miƙe,
doguwa, da gwiwar hannu a ɗage.
Kawu ke nan. Iyakar abin da ya bari na kansa.

Mutumin da na sani ba ya dariya,
bai yi aure ba, rediyo ne abokin hirarsa.

Na zaga da hoton gida gida.
Hajiya Memuna mai koko ta goge hannu a zane,
ta kai shi kusa da ido, ta nisanta,
ta daɗe.
"Bosomtwe ne wannan," ta ce. "Ruwan ya fi haka yawa a da."
Na ce, matar fa?
Ta miƙo min, ta koma kan tukunyarta,
ta zuba wa yaro na sidi biyu, ta ƙara masa.

Sauran fim ɗin, daga goma zuwa ƙarshe,
ya fito wasai kamar gilashi.
Boakye zai jefa a kwando, na ce ya bar min.
Nakan ɗaga shi saitin taga da hantsi
in ga rufin kwanon maƙwabta ta cikinsa.